Farfaɗiya ta dawo wa ’yata bayan mun daina magani, yaya za mu yi?

Wata uwa ce daga Unguwar Rogo a Jos ta aiko da tambayar. ’Yarta mai shekara 18 ta fara faɗuwa tana aji biyar na sakandare. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, daga baya aka je asibiti aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora ta kan Tegretol. Ta yi wata takwas ba ta faɗi ba, sai aka daina saye saboda tsada da kuma ganin ta samu lafiya. Yanzu ciwon ya dawo, har sau biyu a mako guda. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta, an ware mata kwano da kofi, ga kuma mai neman aurenta da bai san komai ba. Uwar tana so ta ji ko ana warkewa, ko yarinyar za ta iya azumi da aure da haihuwa, kuma ko a gaya wa manemin.

Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ba ta lafiya. Aikina duba masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, kuma zan fara da abin da ba ya jira: ku mayar da ita asibitin da aka fara ganinta a cikin makon nan. Idan da hali, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami’ar Jos da ke Lamingo. Kada a aiki yaro kemis ya sayo maganin a ci gaba daga inda aka tsaya. Kabamazafin, wato ainihin maganin da ke cikin Tegretol, idan an daɗe da barinsa ba a komawa kan cikakken adadinsa rana ɗaya. Da kaɗan ake farawa ana ƙarawa, in ba haka ba jiri da gani biyu-biyu da tangaɗi za su sa ta tsane shi.

Watanni takwas ɗin nan da ta yi lafiya lau su ne albishir mafi girma a cikin wasiƙarki, domin sun nuna ciwonta yana jin magani. Ba warkewa ta yi ba a lokacin, maganin ne ke riƙe da ita. Ƙwaƙwalwa da ’yar wutar lantarki take aiki, ƙwayoyinta suna aika wa juna saƙo bi da bi. Farfaɗiya ita ce ƙwayoyi masu yawa su saki wutar a lokaci guda babu tsari, sai jiki ya sandare, ya kama jijjiga, hankali ya gushe. Maganin ba ya cire wannan hali daga ƙwaƙwalwa. Hana wutar ɓarkewa yake yi muddin yana cikin jini daidai gwargwado. Jinin kuwa kamar randa ce mai yoyo, hanta da ƙoda suna ta rage maganin dare da rana, dole kullum a ƙara zubawa a kan lokaci. Ranar da aka daina, cikin ’yan kwanaki randar ta ƙafe. Dainawa farat ɗaya ma tana da haɗari ƙwarai, don tana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa.

To ana warkewa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu faɗuwa idan an gano ciwon daidai an ba su magani daidai. Wanda ya yi aƙalla shekara 2 cur bai faɗi ba, likita zai iya zama da shi a duba ko za a fara ragewa, a hankali, cikin watanni. Wasu suna rabuwa da maganin har abada. Wasu kuma nau’in ciwonsu na shan magani ne na tsawon rai, kamar mai hawan jini, kuma suna karatu, suna aure, suna tsufa.

Akwai tambayar da nake so ki yi mata kafin ku zo, don tana iya sauya maganin gaba ɗaya. Da safe, jim kaɗan bayan ta tashi daga barci, hannunta yana fizga har ta zubar da shayi ko buroshi ya suɓuce mata? Shin faɗuwar ta fi zuwa da asuba, ko bayan daren da ba ta yi barci sosai ba? Akwai wani nau’in farfaɗiya da ke farawa daidai shekarunta, alamarsa ke nan, kuma kabamazafin yana iya ƙara tsananta shi maimakon ya kwantar. ’Yan mata ba sa faɗar wannan fizgar sai an tambaye su, don a gida an riga an sa mata suna sakarci ko rawar jiki. Sannan idan ta sake faɗuwa, mutum ɗaya ya kula da ita, wani ya ɗauki bidiyo da waya. Na san abin yana da nauyi a zuciyar uwa, amma bidiyon minti ɗaya ya fi mana bayanin mutum biyar da suka firgita. Da shi muke bambanta farfaɗiya da suma ta yunwa ko tsayuwar rana, da kuma wata irin faɗuwa da damuwa ke kawowa, wadda ita ma ciwo ce ta gaske amma ba wannan maganin take so ba. Za a iya yi mata gwajin wutar ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, wani lokaci da hoton ƙwaƙwalwa. Ki sani EEG yana iya fitowa ƙalau ga mai farfaɗiya ta haƙiƙa, saboda haka kada wani ya riƙe takardar ya ce ai asibiti ma ba su ga komai ba.

Batun ruƙiyya ba zan yi jayayya da ke ba. A nan Jos masu zuwa wajena, Musulmi da Kirista, kusan kowa ya biya ta wajen malami ko fasto kafin ya iso, kuma ban taɓa hana kowa addu’a ba. Abin da nake hanawa uku ne: a ce a ajiye ƙwaya don ana addu’a, a turnuƙe mara lafiya da hayaƙi a ɗaki rufe, da a ba ta jiƙon da ba wanda ya san abin da ke ciki. Hadisin baiwar Allah da ta zo wajen Annabi (SAW) tana kukan farfaɗiya da yayewar tufafinta yana cikin Bukhari da Muslim. Ba a kore ta ba, ba a ƙyamace ta ba, albishir ɗin Aljanna aka yi mata. Wannan ya kamata mai gidanki ya tuna idan ana maganar ware kwano.

Ku mayar mata da kwanonta cikin na ’yan’uwanta yau. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, ko kumfar baki, ko numfashi, ko tsallake inda mutum ya faɗi. Wannan camfin ya yi ɓarna fiye da yadda ake zato, domin shi ke sa mutane su ja da baya su yi cirko-cirko yayin da mai ciwon ke kwance kusa da wuta. Ƙunar da muke gani a hannuwa da ƙafafun masu farfaɗiya, yawancinta da wani ya matso ya janye su cikin daƙiƙa biyu da ba a yi ta ba.

Ki tara ’yan gidan, har ƙannenta, ki koya musu abin yi. Idan ta faɗi, a kawar da duk abin da zai ji mata rauni, a sa zane ko filo ƙarƙashin kanta, a sassauta hijabi daga wuyanta, a rufe mata jiki, a duba agogo. Da jijjigar ta lafa a juya ta ta kwanta a gefe ɗaya don yawu ya zubo waje. Kada a danne ta. Kada a cusa mata cokali ko tsinke ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin dai haƙori yake karyawa. Kada a ɗura mata ruwa ko manja ko rubutu tana cikin wannan hali, huhu za su tafi. Kada a kara ƙafarta a wuta. Yawancin jijjiga tana tsayawa da kanta cikin minti ɗaya zuwa uku, sai barci da ciwon kai da ɗimuwa su biyo baya, a bar ta ta huta. Amma idan ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko wata ta biyo bayan wata ba ta farfaɗo a tsakani ba, ko ta faɗi cikin ruwa, ko ta bugu sosai a ka, to a nemi keke ko mota a nufi sashen gaggawa, ba kemis ba.

Garinmu yana da nasa tarkon. Sanyin Disamba da Janairu a Jos yana sa kowane gida ya hura gawayi a kurfoti a zagaye shi, nan ne kuma ƙuna ta fi yawa. Ta ji ɗumi daga nesa, da wani a kusa. Girki ba a hana ta ba, amma har sai ciwon ya kwanta kada ta tsaya ita kaɗai kan tuyar mai ko sauke tukunyar ruwan zafi. Jan ruwa a rijiya a ba wani. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka zama tafkuna, waɗanda suka cika wajen Bukuru da Rayfield, kada ta je wanki ko wasa bakinsu. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya kashe wanda hankalinsa ya gushe. Wanka da bokiti da moɗa, kuma ta daina sa sakata a banɗaki, a yi wata alama da za a san da mutum a ciki. Zan gaya miki gaskiyar da wasu likitoci ke kauce wa: farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba tana kisa, ta hanyar ruwa da wuta da doguwar jijjiga, wani lokaci kuma a cikin barci. Haɗarin yana raguwa ƙwarai idan faɗuwar ta tsaya. Shi ya sa nake nanata maganin.

Kuɗi kuwa, na san ba ƙaramin abu ba ne, magunguna sun yi tashin gwauron zabo. Ku faɗa wa likita ƙarfin aljihunku ba tare da jin kunya ba. Akwai kabamazafin na wasu kamfanoni da bai kai Tegretol tsada ba; a duba lambar NAFDAC, a sayi a kantin magani mai rajista, kuma idan an samu wanda ya karɓe ta a tsaya a kansa, a daina canje-canje. Fenobabiton, wanda ake amfani da shi tun 1912, shi ne mafi araha kuma yana aiki, sai dai yana sa barci da nauyin kai, abin da ɗaliba ba ta so. Maganin da za ku iya saye kowane wata ya fi mai tsadar da za a sha mako biyu a tsallake biyu. Ku tambaya a asibiti yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA. Ku riƙa sayen na gaba tun saura na mako guda, don a Jos mun san yadda dokar hana fita kan faɗo babu sallama. Idan ta manta ba ta sha ba, ta sha da zarar ta tuna, sai in lokacin na gaba ya kusa. Kada ta haɗa biyu. Idan kuma ƙuraje suka feso mata a makonnin farko, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki ko jan ido, a kawo ta a ranar.

Duk inda za a ba ta wani magani, ta ce tana shan na farfaɗiya. Tiramadol yana tayar da jijjiga ko ga mai lafiya, ita kam haramiyarta ne. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifuro, da ake rabawa kamar gyaɗa da sunan taifot, suna iya tayar da ita. Kabamazafin kuma yana rage ƙarfin Coartem da ire-irensa, don haka zazzaɓin cizon sauro ma a bar likita ya zaɓa mata magani.

Bayan ƙwaya, babu abin da ya kai barci muhimmanci ga ƙwaƙwalwarta. Kwanan zaune don karatun jarrabawa, hira a waya har ƙarfe biyu, hidimar biki ta kwana uku, duk suna cikin abubuwan da suka fi tayar da ciwon. Ta samu awa 8, ta kwanta lokaci ɗaya ta tashi lokaci ɗaya. Ta ci abinci a kan kari, ta yi tafiyar ƙafa, ta yi wasa da ƙawayenta. Babu wani abincin da aka hana ta. Maganar kada ta ci kuɓewa ko naman akuya ba ta da tushe. Ki saya mata ƙaramin littafi ta riƙa rubuta ranar da ta faɗi, da awa nawa ta yi barci, da ranar da al’adarta ta zo, don wasu matan ciwon yana bin kwanakin al’ada.

Wannan ya kawo mu azumi. A halin da take yanzu, tana faɗuwa sau biyu a mako ana kuma shirin sake saita magani, shawarata ta likita ita ce kada ta yi, kuma Alƙur’ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Idan ciwon ya kwanta, da yawa suna azumi lafiya: akwai nau’in maganin da ke narkewa a hankali, a sha da sahur a sha da buɗa-baki. Amma a tsara wannan da likita tun a Sha’aban. Abin da ya fi kayar da mutane a Ramadan ba yunwa ba ce, raba dare ne, musamman a goman ƙarshe. Idan za ta tashi tahajjud, ta rama barcin da rana.

Makaranta: ku roƙi Alhaji ya mayar da ita. Na fahimci tsoronsa, ba ya so ta faɗi a gaban mutane a yi ta nuna gidansa. Amma zaman ɗaki ba ya rage faɗuwa ko ɗaya, damuwa yake ƙarawa, masu farfaɗiya kuwa sun fi sauran mutane saurin kamuwa da ciwon damuwa. Ki lura da ita: idan ta daina magana, ta daina cin abinci, tana kuka a ɓoye, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ma abin kawowa asibiti ne, kuma yana da magani. A sanar da shugabar makaranta da malama ɗaya da ƙawa ɗaya abin da za su yi idan ta faɗi. Ƙwaƙwalwar da ake karatu da hira da aikin hannu da ita ta fi wadda aka jingine lafiya. Idan ta ce tana mantuwa ko barci a aji, a gaya mana, sau da yawa adadin maganin ne ke son gyara. Ba abin da zai hana ta rubuta WAEC da JAMB. Tuƙin mota da hawa sama kuwa za a dakata da su.

Manemin aurenta a gaya masa, kuma kafin a sa rana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Auren da aka ɓoye wannan ciwo a cikinsa ga yadda yake kasancewa: amarya ta ɓoye ƙwayoyinta a ƙasan akwati, ta kasa sha a gaban miji, ga gajiyar biki da rashin barci, sai ta faɗi a makon farko a gaban dangin miji, a ce an yaudare su. Gara a bari ciwon ya kwanta tukuna, sannan babba daga gidanku ya zauna da shi, in ya yarda ku zo da shi asibiti ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Wanda ya gudu a wannan matakin ya rage muku wahala. Mijin da ya sani shi ne zai tuna mata da magani, shi ne kuma zai juya ta gefe cikin dare.

Za ta iya haihuwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mata masu farfaɗiya suna haifar ’ya’ya lafiyayyu, kuma mafi yawan ’ya’yan ba sa gadon ciwon. Sai dai cikin yana son shiri tun kafin a ɗauke shi. Akwai magani ɗaya da nake so ki riƙe sunansa: balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim. Yana da kyau ƙwarai wajen tsayar da jijjiga, amma idan aka sha shi da ciki, kusan jariri 1 cikin 10 yana zuwa da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 suna samun matsalar koyo da magana. Don haka idan aka ce za a canza mata zuwa shi, ki ce wa likitan aure take shirin yi, a duba ko lebetirasitam, wanda aka fi sani da Keppra, ko lamotirijin zai yi mata. Ta fara shan folik asid, ƙaramar ƙwayar nan da ake bayarwa wajen awo, watanni kafin ciki. Idan kuma cikin ya zo ba shiri, kada ta yar da maganinta don tsoro. Jijjiga mai ƙarfi haɗari ce gare ta da abin da ke cikinta. Ta zo a duba. Ta haihu a asibiti, kuma za ta shayar da nono. Idan suna son tazara, su sani kabamazafin da fenobabiton suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar fata. Allurar wata uku ko robar mahaifa sun fi aminci.

Ba ki tambaya ba, amma tunda akwai ƙanne a gidan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya kauce masa. A wajenmu manyan hanyoyinta su ne doguwar naƙuda a gida, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur, da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Yara su kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi ya wuce kwana ɗaya a je a yi gwaji, a karɓi rigakafin sanƙarau idan an zo yi. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau da ke kare mutum daga nau’i biyar na ƙwayar cutar. Samarin gidan masu hawa babur su sa hular kwano. Ke da Alhaji kuma ku riƙa auna jini, a rage gishiri da dunƙule a miya, don farfaɗiyar da ke fara kama mutum bayan shekara 50 sau da yawa daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa take tasowa.

Ranar da za ku zo, ku taho da katinta na da, da kwalin maganin da ta sha ko babu komai a ciki, da bidiyon in an samu, da wanda ya taɓa ganin faɗuwar tun daga farkonta. Ki bar ta ta yi wa likita bayani da kanta, ko da za ki fita waje na ɗan lokaci, domin akwai tambayoyin da budurwa ba za ta amsa a gaban mahaifiyarta ba.